Kwarashi da Jaka: Sana'ar da Inji Ya Kasa Ƙwacewa

Duk wanda ya riƙe jakar da aka saƙa da kwarashi, irin mai ƙulle-ƙullen ado a jiki da gindi mai kauri da hannuwa biyu na ratayawa a kafaɗa, zai iya rantsewa cewa sana'a ce ta kaka da kakanni, tsarar masaƙa da marina. Tarihi bai goyi bayan wannan rantsuwa ba. Saƙar kwarashi yarinya ce a cikin sana'o'in zare, shekarunta da za a iya tabbatarwa ba su wuce ɗari biyu da 'yan kai ba, kuma a zamanin masana'antu aka haife ta, lokacin da injuna ke haɗiye sana'o'in hannu ɗaya bayan ɗaya. Ita kuwa ta kuɓuta daga bakin inji. Abin da ya fi ɗaure kai a labarinta shi ne kuɓutar ba ta zama riba ga mai saƙar ba. A ƙa'idar kasuwa, abin da inji ya kasa yi ya kamata ya yi tsada, amma a nan sai aka sami hanyar mayar da hannun mace ya fi inji araha, ta hanyar kiran aikinta abin rage lokaci maimakon aiki. Jaka ce babbar shaida a wannan shari'a, domin da ita sana'ar ta fara bayyana a rubuce.

A shekarar 1823 wata mujallar mata ta ƙasar Holan mai suna Penélopé ta buga bayani mafi daɗewa da aka sani kan yadda ake wannan saƙa da sunanta. Abin da ta koyar ba riga ba ce, ba mayafi ba, 'yan jakunkunan kuɗi ne na zaren alharini. Akwai dalili. A ƙarshen ƙarni na 18 tufafin matan Turai suka koma shara-shara masu bin jiki, manyan aljihunan da a da ake ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin siket suka rasa wurin ɓuya, sai mace ta koma riƙe 'yar jaka a hannu. Kalmar da ta zama sunan sana'ar Faransanci ce mai ma'anar ƙaramar ƙugiya, kuma ita ce ta bi ta bakin Turawa da azuzuwan koyar da aikin hannu har ta iso Hausa a matsayin kwarashi.

Masu son tsawaita mata shekaru suna da hujjojinsu. Suna nuna safar ƙafa ta zamanin Rumawa da aka tono a Masar, suna cewa ga saƙa irin wannan tun fiye da shekara dubu da ɗari biyar. Masana zare sun warware wannan: da allura mai hanci aka yi safar, ana ratsa gajeren zare gaba ɗayansa ta cikin kowane zarge, kuma in ka ja bakin zaren ba ta warwarewa, alhali saƙar kwarashi da ja ɗaya take zubewa. Kamanni ne kawai, kuma kama da wane ba ta wane. Lis Paludan, wata mai bincike 'yar Denmak da ta bi gidajen tarihin Turai tana neman asalin sana'ar, ba ta sami gamsasshiyar shaidar wanzuwarta kafin 1800 ba. Iyaye biyu ne za a iya nuna mata. Na farko surfani ne da ake yi da siririyar ƙugiya a kan ƙyallen da aka ɗaure tamau a zagayayyen katako kamar fatar ganga, wanda ya shigo Turai daga Gabas a ƙarni na 18. Ranar da wata ta ajiye ƙyallen ta ci gaba da jan sarƙar zare a iska, kwarashi ya samu. Na biyu saƙar talakawan karkara ce a Sikotilan. Elizabeth Grant, a littafin tarihin rayuwarta, ta tuna wata dattijuwa da ta fere ƙugiyarta daga haƙorin tsohon matajin ƙoƙon kunkuru, tana saƙa wa mijinta huluna da rigunan sanyi da ulun da ta kaɗa da kanta. Ko wannan ma farkon ƙarni na 19 ne.

Me ya sa sai a lokacin? Saboda kwarashi maciyin zare ne, ya fi saƙar allura biyu ci, kuma yana son zare mai santsi, mai kauri ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Muddin da hannu ake kaɗi, ba kowa ne zai ɓarnatar da zare haka ba. Injunan kaɗi na Ingila da masana'antun zare na garin Paisley ne suka karya farashin auduga, John Mercer kuma a 1844 ya gano yadda ake jiƙa ta a sinadari ta ƙara ƙarfi ta riƙa shan rini. Ga kuma maɗaba'a. Jane Gaugain ta birnin Edinbara ta saka kwarashi a littafinta na 1840, Eleonore Riego de la Branchardière ta fara fitar da nata littattafan a 1846, tana koya wa matan gida yadda za su kwaikwayi leshin masu sarauta da zaren auduga na 'yan kwabbai. Wato sana'ar da yau ake tallata wa a matsayin maganin zamanin inji, da nonon inji ta girma.

Sai dai injin da ya ciyar da ita ya kasa yin aikinta, kuma dalilin yana cikin motsin hannu. A saƙar allura biyu, zarge ɗari na iya zama a jere kan allura, kowanne yana jiran a yi masa abu ɗaya a wuri ɗaya. Irin wannan tsari ne ƙarfe ke so, shi ya sa tun 1589 William Lee ya ƙera injin saƙa safa, John Heathcoat kuma ya yi na ragar leshi a 1809. A kwarashi zarge ɗaya ne tak a raye. Mai saƙa tana gama kowace saƙa kafin ta shiga ta gaba, kuma ita ke zaɓar inda bakin ƙugiya zai soka: ta gaba, ta baya, ƙarƙashin zare ɗaya ko biyu, ko layi biyu a ƙasa, yatsun hagu suna juya aikin suna lalubo ramin, ɗan yatsa yana sassauta zare ko yana tamke shi. A dubi jakar nan mai ƙulle-ƙulle. Don fitar da ƙulli ɗaya, sai a jera dogayen saƙa biyar a rami guda, a zare kwarashi, a mayar da shi kan ta farko, a jawo zargen ta ƙarshe ta ciki, sai biyar ɗin su dunƙule su turo waje. Turawa da sunan gugguru suke kiran wannan, kuma sunan ya dace. Don fitar da layukan da ke tasowa kamar kunyoyin gona, ƙugiyar ba ta shiga kan saƙar ƙasa, zagaya ƙugunta take yi. Abin da masana'antu ke kira injin kwarashi a gaskiya injin saƙa ne mai jeren allurai da ke fitar da kwaikwayo, kuma gwaje-gwajen da injiniyoyi suka yi na ainihin abin ba su wuce sauƙaƙan saƙa ba.

A Ailan aka fara gwada abin da wannan gazawa ta inji za ta haifar. Daga 1845 cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin talakan ƙasar, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira. Sistocin Katolika a yankin Cork da matan masu hali suka buɗe azuzuwan kwarashi a matsayin agaji. A garin Clones, Cassandra Hand, matar limamin cocin garin, ta kafa sana'ar a 1847. Abin da suke saƙawa kwaikwayon leshin Venice ne, wanda na asalinsa da allura ake yi a watanni, su kuwa suna fitar da mai kama da shi cikin kaso kaɗan na lokacin. Aikin ya rarrabu: wannan gida ya ƙware a fure, wancan a ganye, wani a 'ya'yan inabi, har ana ɓoye wa maƙwabta sirrin, daga baya a tattara a haɗa su da raga. Jarin kuwa ƙugiya ce, wani lokaci allurar ɗinki da aka karya wa hanci aka soka a toshiyar kwalba. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta ɗaga darajar leshin da ta karɓa ta yi ado da shi, ita kanta ta koyi saƙar, har a 1900, tana tsohuwa tukuf, ta saƙa mayafan wuya takwas don sojojin da suka yi fice a yaƙin Afirka ta Kudu.

A nan ne ƙalubale mafi ƙarfi yake, kuma ba a raina shi. Za a ce: sana'ar da ta hana iyalai mutuwa, ta tara wa wasu kuɗin jirgin zuwa Amurka, ta ba mace kuɗin kanta ba tare da ta bar ɗakinta da 'ya'yanta ba, da wane baki za a zarge ta? Gaskiya ne ta yi duk wannan. Amma a lura da yanayin da aka sa farashin: mai jin yunwa ba ya ciniki, kuma ladan da aka fara biya da sunan sadaka yakan zauna a matsayin ladan aikin bayan yunwa ta wuce. Abubuwan da suka sa kwarashi ya dace da agaji, wato rashin jari, rashin masana'anta, yin sa a gida tsakanin girki da reno, su ne suka hana masu yin sa haɗuwa su san yawansu ko su san nawa ake sayar da aikinsu a Landan. Hujjar da ta fi fitowa fili daga Indiya ta zo. A Narsapur, bakin kogin Godavari, mishan ne suka shigar da saƙar a ƙarni na 19, ta bunƙasa ta zama hajar fitarwa zuwa Turai da Amurka. Da Maria Mies, masaniyar zamantakewa 'yar Jamus, ta yi bincike a can, wanda ta buga a 1982, ta tarar da mata fiye da dubu ɗari suna saƙa sa'o'i shida zuwa takwas a yini kan abin da bai kai rupi ɗaya na kuɗin Indiya ba. Da yawansu matan kulle ne, dillalai maza ke kai musu zare su karɓo aiki, kuma ƙidayar hukuma ba ta lissafa su cikin ma'aikata ba, matan gida ne a takarda. 'Yan kasuwar da suka yi arziki da su cewa suke yi matan suna cike lokacin zaman banza ne kawai. Mai karatu a Kano ko Zariya da ya san yadda ɗinkin hula ke fita daga cikin gidaje ta hannun dillali ba ya bukatar dogon sharhi.

Jakar kanta ta ci gaba da tafiya. Babbar jakar kafaɗa mai buɗaɗɗen baki ta yi suna ne da ta tamfol wadda kamfanin L.L.Bean na Amurka ya fitar a 1944 don ɗaukar ƙanƙara, sannan zaren roba mai araha ya shigo bayan yaƙin duniya na biyu ya sa kwarashi ya iya yin manyan abubuwa masu launi. A yankin La Guajira, kan iyakar Kolombiya da Benezuwela, matan ƙabilar Wayuu sun karɓi ƙugiya daga baƙi suka zuba mata zanen gargajiyarsu, har tatsuniyarsu ta ce gizo-gizo ce ta koya musu saƙa. Jaka ɗaya ta zare ɗaya mai matsattsiyar saƙa takan ci makonni. Da kasuwar duniya ta gano ta, abin da ya biyo baya shi ne matsin lamba a riɓa zaren a gama da wuri, da tazara mai faɗi tsakanin abin da dillali ke biya a ƙauye da abin da ke rubuce a kanti a Turai. Inda labarin ya ɗan sauya shi ne inda masu saƙa suka riƙe cinikin da kansu, kamar a ƙauyen Njau na Gambiya, inda a 1997 Isatou Ceesay da wasu mata ƙalilan suka fara wanke ledojin da ke kashe musu awaki, suna yanka su siri-siri suna saƙa jakunkunan kuɗi, suka kafa ƙungiya da asusun ajiya. Ƙugiyar ɗaya ce da ta Narsapur. Mai sa farashi ne ya bambanta.

Saura ƙalubale guda, wanda ya fi laushi. Miliyoyin mutane yau suna saƙa ne don nishaɗi, musamman tun zaman gida na annobar 2020 da ya dawo da kwarashi hannun matasa, kuma ba wanda ya zalunci wadda ta saƙa wa kanta jaka tana sauraron rediyo. Haka ne, kuma tun zamanin Penélopé sana'ar na da wannan fuska. Matsalar ita ce fuskar nishaɗi ce ke yi wa ɗayar farashi. Muddin jama'a na ganin kwarashi a matsayin abin da ake yi don kashe lokaci, mai sayen jaka zai yi lissafin kuɗin ulu ne ya ɗora ɗan wani abu, sa'o'in kuwa kyauta. Shi ya sa manyan kantunan tufafin yayi ke iya jera kayan kwarashi a farashin da bai kai ladan yini ɗaya ba a ƙasar da ake sayar da su. Wasu daga ciki kwaikwayon inji ne, kuma ana gane su: a juya bayan, za a ga siraran sarƙoƙi a jere tsaye daidai wa daida, babu inda aka juya aiki a ƙarshen layi. Amma jakar da gugguru ya taso a jikinta, aka fara gindinta daga tsakiya ana zagayawa, aka ɓoye bakin zare da allura a kusurwar hannu, wannan wata ce ta zauna ta soka ƙugiya sau dubbai, ta ƙirga, ta yi kuskure a layi na ashirin, ta warware ta sake.