Zauren Mai Masauki a Gadarif



Wani matashi da ya zo daga Kano neman danginsa ya taɓa tambayar maigidana, dattijon unguwar da nake riƙe wa takardu, ko wane otal ne mafi daɗewa da Hausawa suka gina a Gadarif. Dattijo ya yi murmushi, ya nuna masa tabarmar da yake zaune a kai, ya ce masa ai yana cikinsa. Gaskiya ya faɗa. Tsohon gidan saukar baƙi na Hausawan wannan gari shi ne zauren mai masauki, wanda Hausawan dauri ke kira fatoma. Ba a kafa masa allo a ƙofa, ba a rubuta kuɗin kwana, amma a cikinsa ake ci, ake kwana, ake ɗaura aure, ake raba gardama.

Gadarif tana gabashin Sudan, kimanin kilomita 400 daga Hartum, a kan baƙar ƙasa mai laka wadda dawa da riɗi ke so. A da ana kiranta Suƙ Abu Sin, wato Kasuwar Abu Sin, da sunan gidan shugabannin ƙabilar Shukuriyya. Kasuwa ce tun asali, mahaɗar fataken Kasala da na Sinnar da na Habasha. A kudu maso gabas da ita akwai Gallabat, a bakin iyakar Habasha, inda mutanen Yamma da ake kira Takari suka kafa zama tun kafin ƙarni na 19. Saboda haka harshenmu da na Fulani da na Barebari ba baƙi ba ne a wannan yanki tun kafin zuwan Turawa.

Babbar igiyar hijira ta zo ne bayan 1903. A shekarar nan Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da jama'arsa, aka yi shahadarsa a Burmi a watan Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka tsira har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har yau. Daga nan hanya ta buɗe. Maniyyaci kan taso daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya bi ta Maiduguri, ya ƙetara zuwa Fort Lami wadda ake kira Njamena yanzu, ya wuce Abeshe da Junaina da Fashir, har Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Daga can sai Kosti da Sinnar. Kafin ƙarshen 1929 layin dogo ya haɗa Sinnar da Kasala ta Gadarif, garin ya zama zango a kan hanyar Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Jidda.

Mafi yawan masu wannan tafiya talakawa ne, kuma guzurinsu kan ƙare tun kafin su ga Nilu. Tafiyar kan ɗauki shekaru, ana tafe ana ƙwadago. Wasu kan tsinci auduga a gonakin Jazira da aka buɗe a 1925. Wasu kan zarce nan, musamman bayan da aka fara noman dawa da injuna a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, domin inji yana huɗa yana shuka, amma cire ciyawa da yankan riɗi da girbin dawa sai da hannu. Mutumin da ya sauka a tasha da ƙunshin kaya da iyali, ba ya jin Larabcin Sudan, bai san mai gona ba, abin da ya fara tambaya shi ne gidan mutanen garinsu. Bakano ya nemi fatoman Kanawa, Bagobiri ya nemi na Gobirawa.

Tsarin gidan ba shi da wuyar bayani. Daga ƙofa zaure ne ko rumfa, wadda mutanen nan ke kira rakuba, da tabarmi da gadajen igiya da ake cewa angarib, ga randar ruwa, ga butoci. A tsakar gida akwai bukkokin ciyawa masu tsinin kai irin waɗanda aka san Gadarif da su. Maza a zaure, mata da ƙananan yara a cikin gida wurin uwargida. Kwana uku na farko haƙƙin baƙo ne kamar yadda Sunna ta tanada, ba a tambayarsa ko sisi. Bayan nan fatoma ya nema masa gona, ya tsaya masa a gaban mai gonar, ya yi masa tafinta, ya ajiye masa abin da ya tara har ya kai kuɗin jirgi. Idan baƙon ɗan kasuwa ne, fatoma ne dillalinsa, yana da la'adarsa. Idan rai ya yi halinsa, shi zai sallaci gawa, ya aika wa magada labari ta bakin ayarin da ke komawa gida.

Akushin zaure kuwa ya haɗa ƙasashe biyu. Tuwon dawa da muka taso da shi shi ne maƙwabtanmu ke kira asida, miyar busasshiyar kuɓewa su ce mata weka. Mun karɓi kisra da gahawar jabana daga gare su, su kuma suka karɓi tsirenmu mai ƙuli da yaji, wanda duk Sudan ke kira agashe, kalmar da Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa. Wannan girki duka a wuyan mata yake. Uwargidan fatoma kan ɗora tukunya ba tare da ta san bakin mutum nawa za ta ciyar ba, kuma da wuya a ji an ambaci sunanta idan ana yabon gidan.

A wannan zaure ake ɗaura auren 'yar da aka haifa a hanya, fatoma ya zama waliyyi ga wadda ubanta ya rasu a Wadai ko Darfur. A nan ake raɗin suna, a nan ake zaman makoki, a nan almajirai ke kunna wutar karatu da dare. Haka waɗanda suka zo da niyyar kwana uku suka yi shekara, shekara ta zama aure, aure ya zama jikoki. Da yawa sun sauke farali sun dawo nan suka zauna. Wasu sun rasu suna tara kuɗin jirgi, Allah Ya ba su ladan niyyarsu.

Adalci ne a faɗi cewa ba kowane fatoma ne ya riƙe amana ba. Dattawa suna ba da labarin waɗanda suka ci ajiyar baƙi, da waɗanda suka ɗaure mutum da bashi har ya shekara yana yi musu noma. Abin da ya taƙaita irin wannan shi ne labari yana tafiya da ayari. Gidan da ya ci amana sau ɗaya, kafin baɗi an ji a Abeshe, baƙi su karkata zuwa wani.

Jirgin sama ne ya rage wa zaure baƙi. Tun daga shekarun 1950 aka fara ɗaukar alhazai daga Kano kai tsaye, sannan ƙasashe suka sami 'yancin kai, fasfo da biza suka tsananta, tafiyar ƙasa ta yi ta ja da baya. Lokanda da otal suka buɗe a kasuwa ga mai kuɗi. Magada suka fara yanka zauruka suna mayar da su shaguna. Mu da muke da shekara hamsin da ɗoriya mun riski ƙarshen abin ne kawai, muna yara muna ɗauko wa baƙi ruwan alwala.

Sai ga yaƙin da ya ɓarke a Hartum ranar 15 ga Afrilu 2023. Da Madani ta faɗi a watan Disamba na shekarar, sannan Sinja a tsakiyar 2024, mutane suka kwararo Gadarif dubbai a kan dubbai. Makarantu suka cika, kuɗin haya ya fi ƙarfin talaka. Gidajen da suka bar zaurensu a buɗe suka sake shimfiɗa tabarmi, tukwanen takiyya suka hau wuta a unguwanni. A karon nan baƙin Larabawa ne da Nuba da Fulani da Hausawan Jazira, ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba. Ƙasa da shekara guda kafin yaƙin, a rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, an zubar da jini a kan tambayar ko Bahaushe ɗan ƙasa ne ko baƙo. Jikokin waɗanda aka sauka a zaure shekara ɗari da suka wuce su ne suka sauki 'yan Hartum, kuma a ganina wannan ya isa amsa.

Roƙona ga 'yan uwa biyu ne. Duk wanda kakansa ya riƙe masauki, ko aka sauke shi a wani, ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta sunan gidan, da unguwar, da garin da baƙinsa ke fitowa, da sunan matar da ta yi girkin, tun masu sani suna raye. Wanda kuma zai sāke ginin gidan gado, ya bar ɗaki ɗaya a bakin ƙofa. Hausawa sun ce baƙonka Annabinka.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, Ya zaunar da Sudan lafiya. Amin.