Daga Danja Zuwa Babban Asibitin Maraɗi: Doguwar Tafiyar Masu Sida

Tun kafin a ji sunan Sida, mutanen Maraɗi sun san cutar da ke raba mutum da danginsa. A Danja, cikin ƙasar Jiratawa, kan hanyar da ta nufi Ɗan Isa, 'yan mishan na SIM sun buɗe asibitin kutare a shekarun 1950. Mutum ya zo neman magani, ya samu sauƙi, amma komawa gida ta gagara, don ba mai sa hannu a akushi ɗaya da shi. Irin wannan ƙyama ce ta tarbi masu Sida bayan da aka tabbatar da cutar a Nijar a 1987.

Maraɗi gari ne na fatauci. Manyan motoci na zirga-zirga tsakaninta da Katsina da Kano, samari na fita ci-rani bayan girbi. Amma da cutar ta shigo, matan da ke zaman kansu aka fi ɗora wa laifi, alhali matan aure da yawa a ɗakinsu ta same su. Wadda mijinta ya rame ya rasu, sau da yawa ba ta san abin da ya kashe shi ba sai jaririnta ya fara ciwo. Ana kiran cutar "kabari kusa", kuma a wancan lokaci ba a yi ƙarya ba. Haɗin magungunan da aka bayyana wa duniya a 1996, a lokacin yana cin sama da dala 10,000 a shekara. Manomin gero na Tibiri ko mai lambun Jiratawa ina zai gan su?

Sauyi daga nesa ya taso. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin maganin a dala 350 a shekara, a 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da Sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Nijar ta kafa shirinta na samar da maganin mai suna INAARV, aka soma ba da magani a 2004, kyauta. Da fari sai a Yamai. Daga baya, da taimakon ƙungiyar Solthis ta Faransa, aikin ya iso manyan asibitocin jihohi, har da na Maraɗi. A 2007 aka yi dokar da ta hana tsangwamar masu cutar, aka sabunta ta a 2015. Binciken ƙasa ya nuna yawan masu ita cikin baligai ya sauko daga kashi 0.7 cikin ɗari a 2006 zuwa 0.4 a 2012.

Yau mai shan ƙwayarsa kullum yana noma, yana kasuwa, yana aure. Idan ƙwayar cutar ta ragu a jininsa har awo ya daina ganin ta, ba ya sa wa matarsa. Mace mai ciki da aka gano a awon ciki kuma aka ɗora kan magani, galibi lafiyayyen ɗa take haifa.

Sai dai magani kyauta ba ya biyan kuɗin kabu-kabu, kuma yana da wuyar jurewa da yunwa, a jihar da ta ga abin da fari ya yi a 2005. Ga kuma tsoron bakin mutane, wanda shi ne ya fi ciwo. Akwai masu tsallake likitar unguwarsu su tafi inda ba a san su ba, akwai matan da ke ɓoye kwalbar magani ƙarƙashin tufafi don gudun saki. Shi ya sa aikin ƙungiyoyin masu cutar, waɗanda ke ƙarƙashin haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta RENIP+, ya cancanci a tallafa masa sosai: su ne ke zama da sabon da aka gaya wa sakamako, su ne kuma ke bin sawun wanda ya daina zuwa karɓar magani har su dawo da shi.