Dokar Korar Baƙi ta Ghana, 1969

Dokar Korar Baƙi umurni ne da hukumar Firayim Minista Kofi Abrefa Busia ta zartar a Ghana ranar 18 ga Nuwamba 1969, wanda ya wajabta wa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta ko ya fice daga ƙasar cikin mako biyu. Hujjar hukuma ita ce rashin aikin yi da ƙuncin tattalin arziki, da zargin cewa baƙi sun mamaye fatauci da kasuwanni, ra'ayin da jama'a da yawa suka yi na'am da shi a wancan zamani.

Masifar ta fi tsanani a zangonni irin su Nima da Maamobi na Accra, inda Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa suka daɗe da zama, alhali galibinsu ba su taɓa mallakar takarda ba, wasu ma a nan aka haife su. Dubban ɗaruruwan mutane suka yi ƙaura, suka karyar da kadarorinsu da araha. Irin wannan kora ta sake faruwa a Janairu 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi daga Nijeriya, cikinsu har da 'yan Ghana kimanin miliyan 1.