Yadda ake horas da limaman Kirista na asibitoci a Amurka

A galibin manyan asibitocin Amurka, akwai malaman addini da aikinsu shi ne zama da marasa lafiya da danginsu, musamman a lokacin da rai ya zo ga halinsa. Da Turanci ana kiran irin wannan ma'aikaci chaplain, kuma ana samunsa a barikokin soja da gidajen yari.

Mafi yawansu Kiristoci ne, sai dai zama fasto ko fada kawai ba ya wadatarwa.

Tsarin horon da ake bi ya samo asali ne daga wani fasto mai suna Anton Boisen, wanda shi kansa ya yi fama da taɓin hankali a shekarar 1920 har aka kwantar da shi. A 1925 ya soma karɓar ɗaliban ilimin addini a asibitin masu taɓin hankali na Worcester da ke jihar Massachusetts, bisa ra'ayin cewa kamata ya yi su nazarci ɗan Adam mai rai kamar yadda suke nazarin littattafai.

A 1967 ƙungiyoyin da ke ba da horon suka haɗe ƙarƙashin inuwa guda, watau ACPE.

Matakin farko

Zangon farko na ɗaukar sa'o'i 400. Kimanin 300 daga ciki ɗalibi na yin su ne a gefen gadon marasa lafiya, ragowar kuma a aji.

Babban ginshiƙin karatun shi ne rubuta hira. Bayan ɗalibi ya gana da majiyyaci, zai rubuta abin da suka faɗa wa juna kalma bayan kalma, gwargwadon yadda ya tuna, tare da sakaya suna. Daga nan ya karanta a gaban malaminsa da 'yan ajinsu, su kuma su yi ta yi masa tambayoyi: me ya sa ya katse maganar mutumin? Me ya sa ya yi hanzarin janyo aya alhali mai jinya na kuka?

Ga wanda ya saba da mumbari, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin abin da ake koya masa shi ne ya yi shiru ya saurara.

Mai son cikakkiyar takardar ƙwarewa kan buƙaci digiri na biyu a fannin addini, da zango huɗu na wannan horo, da kuma amincewar cocinsa.

Batun jan ra'ayi

Ƙa'idojin aikin sun haramta amfani da halin rauni na majiyyaci wajen janyo shi zuwa wani addini. Idan Musulmi ne ke kwance, abin da ake sa ran limamin Kirista zai yi shi ne ya nemo masa liman, ko Alƙur'ani, ko ya taimaka a samar masa abincin halal.

Musulmi ma na shiga wannan horo. Rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta naɗa limaminta Musulmi na farko, Abdul-Rasheed Muhammad, a 1993.