Waiwaye: Yadda Aka Yi Ta Fafutukar Mayar wa Tsuntsayen Fadamar Haɗejiya da Nguru Ruwansu

Kafin a gina madatsun ruwa a ƙasar Kano, kogin Haɗejiya da na Jama'are kan yi ambaliya duk damina, su malale fadamun da ke tsakanin Haɗejiya, Nguru da Gashuwa. Da kaka ruwan ya fara janyewa, ya bar tafkuna da laka cike da ƙananan kifaye da ƙwari. A daidai lokacin ne agwagin daji da tsuntsayen bakin ruwa ke isowa daga Turai bayan sun ƙetare Sahara, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe, 'yan gida.

An kammala madatsar Tiga a 1974, ana cikin fari, aka ƙara ta Challawa a 1992. Ambaliyar damina ta ragu ƙwarai, sannan aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani. Wannan ya yi ɓarna iri biyu: wasu fadamun suka bushe, wasu kuma suka daina bushewa sam. Inda ruwa ya kwanta babu janyewa, ciyawar kachalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye buɗaɗɗun tafkunan da agwagi ke sauka, ta zama maɓoyar jan-baki mai cinye gero da shinkafa. Gauraka kuwa, ganinta a yankin ya zama sai an dace.

A 1987 aka kafa shirin kare wannan fadama, da haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli: NCF ta Najeriya da RSPB ta Birtaniya da IUCN. Da farko hankalinsu na kan ƙidayar tsuntsaye da hana farauta, musamman a tafkin Dagona na ƙasar Bade, wanda daga baya ya shiga Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Ba a jima ba suka gane cewa mai gadi ba ya iya tsare tafkin da aka datse ruwansa tun daga Kano. Sai suka juya ga lissafi, suka nuna wa hukuma cewa ruwan da ya malale fadama, idan aka haɗa kifi da shinkafa da itace, ya fi wanda aka tare wa manyan gonakin rani amfani. Wannan hujja ta ƙarfafa masu adawa da madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, wadda har yau ba a kammala ba.

A shekarar 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin Ramsar na dausayin duniya. Dagona da Baturiya suka biyo baya a 2008. Amma aikin da ya fi tasiri a ƙasa shi ne na gayya: masunta da manoma suka shiga ruwa da lauje da adda suna sare kachalla, suna buɗe hanyoyin da suka toshe.

Sai dai kachalla ba ta jin sara muddin gindinta na cikin ruwa duk shekara. Gyara mai ɗorewa yana hannun masu buɗe ƙofofin Tiga da Challawa: su saki ruwa da yawa da damina, su rage shi da rani, fadama ta cika ta kuma bushe a kan lokacinta. Abin da masunci da makiyayi ke roƙo ke nan, kuma shi ne tsuntsayen ke buƙata.