Girka: Yadda Kakanninmu Suke Shirin Shiga Ɗakin Magani

Masu iya magana sun ce da ɗan gari kan ci gari. A zamanin nan Turawa da yawa suna kashe kuɗi masu yawa su tafi kurmin Amazon, musamman birnin Ikitos na ƙasar Feru, domin su sha wani jiƙo da ake kira ayawaska. Ana dafa shi ne da wata igiyar kurmi haɗe da ganyen wani tsiro, wanda ya sha kuma sai ya yi ta amai yana gane-gane. Wani masanin tsirrai ɗan Ingila, Richard Spruce, ya tarar da mutanen kurmin suna shan sa tun farkon shekarun 1850, a shekarar 2008 kuma gwamnatin Feru ta sanya shi cikin kayan gadon ƙasa. Kafin a ba mutum, sai ya ƙaurace wa gishiri da giya da naman alade da jima'i, ya keɓe kansa ƙarƙashin kulawar boka.

Mu mutanen Bungudu da muka ji wannan labari ba mu yi mamaki ba, domin kakanninmu sun san irin wannan shiri. Sunansa girka.

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, bori yana da ƙarfi a ƙasar Zamfara da Gobir, har a fadar Gobir akwai sarautar Inna, wadda take shugabantar 'yan bori. Dutsen Kwatarkwashi da ke nan ƙasarmu, Maguzawa sun ɗauke shi mazaunin iskoki. Idan ciwo ya ƙi jin magani, kamar shanyewar jiki ko taɓin hankali ko yawan ɓari, sai a ce iska ce ta taɓa mutum, a nufi girka.

To amma ba a faɗa mata haka kawai. Da farko dangi za su zauna su amince, su tara abin da aka yanka musu: hatsi, tabarma, sabuwar ƙwarya, tufafi, da kaji ko awaki masu launin da aka ce kowane iska yana so. Daga nan a killace majinyaci a ɗaki, galibi kwana 7, uwar girka ko uban girka na kula da cinsa da shansa, ana yi masa turare da wanka da jiƙon saiwoyi. A daren ƙarshe, wanda ake kira kwanan zaune, masu garaya da masu kaɗa ƙwarya su kwana suna kiran iskokin birnin Jangare, irin su Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Kuturu. Fremont Besmer ya bayyana wannan tsari cikin littafinsa na 1983 a kan 'yan borin Kano.

Musulunci ya yaƙi wannan al'ada saboda yankan da ake yi wa wanin Allah, wanda shirka ce ƙarara. Sai dai magabatanmu ba su bar marasa lafiya a sarari ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littattafai a kan magani, Nana Asma'u kuma ta kafa 'Yan Taru, inda jajis suke kai ilimi ga matan ƙauyuka, waɗanda da can dandalin bori ne mafakarsu. Bayan an fara aiki da Shari'a a Zamfara a shekarar 2000, abin da ya rage na bori ya ƙara ɓuya.

Ba muna kira a koma gidan jiya ba ne. Abin lura shi ne, a Amazon da ƙasar Hausa, ba a taɓa miƙa wa mutum tsiro mai ƙarfi shi kaɗai ba. Akwai awo, akwai hani, akwai mai tsaro, akwai dangi a bakin ƙofa. Inda aka yar da waɗannan, magani kan koma dafi. An sami baƙi da suka mutu a sansanonin ayawaska, jiƙon kuma yana da haɗari ƙwarai ga mai shan wasu magungunan asibiti na ciwon damuwa. Mu ma nan muna ganin samarinmu suna shan zaƙami don maye, wasu su haukace, wasu su rasa rai.

Saboda haka nauyi yana kanmu marubuta. Tsofaffin da suka san sunan kowace saiwa da awonta suna ƙarewa, dazukan da ake haƙo su kuma rashin tsaro ya sa shigarsu ta yi wuya. Mu je gare su da biro da takarda, mu bar tsafin, mu rubuta ilimin tsirran da ladabin jinya, mu miƙa wa masana haɗa magunguna na jami'o'inmu su tantance. Allah Ya sa mu dace.