Daga Allon Zayyana zuwa Harafin Kankana

Ƙawata rubutu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Katsina, sai dai wurin zaman adon ne ya yi ta canjawa. A nan Kunduru, adon rubutu na farko da idona ya sani shi ne allon zayyana na ranar sauka. Mai zayyana kan haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya fiƙe alƙalamin gamba, ya kewaye ayoyi da da'irori da murabba'ai ja da kore da ruwan ɗorawa. Haka Alƙur'ani bugun hannu yake: baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Ado na tsayawa a gefe, ba ya kutsawa cikin harafi, ba a kuma zana mai rai.

Da boko ya zo, injin ɗab'i bai ba ado wuri ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da ta fara fita a Zariya a 1939, da haruffan dalma ake buga ta, baƙi a kan fari. Masu fenti ne suka dawo da launi. Mu yaran karkara a jikin gingimari muka san aikinsu, idan mun fita Kankiya, bakin titin Kano zuwa Katsina: manyan haruffa masu inuwa, ga zaki, ga dabino, ga fure. Mai shagon kayan sanyi kuwa sai a zana masa abarba kusa da sunansa. A wancan zamanin ɗan itacen maƙwabcin harafi ne kawai.

Kwamfuta ce ta cusa shi ciki. Kamfanin Corel na Kanada ya fito da CorelDRAW a 1989, Adobe na Amurka ya biyo da Photoshop a 1990, aikin 'yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll. A shekarar ne aka yi fim ɗin Turmin Danya a Kano, kuma da kasuwar finafinai da littattafan soyayya ta buɗe, buƙatar fasta da bango ta jawo waɗannan manhajoji zuwa shagunan ɗab'i.

Dabarar ba ta da wuya. Za ka rubuta suna da haruffa masu kauri, ka shimfiɗa hoton yankakkiyar kankana a kai, ka umarci manhaja ta ɓoye duk abin da ya fita daga iyakar harafi. Sai ka sa koren ɓawo a gefe, ka ƙara inuwa da ƙyalli da ɗigon ruwa. Siririn harafi ba ya ɗaukar wannan aiki, domin 'ya'yan kankanar ba za su fito ba. Yau yaro da wayarsa, da Canva ko PixelLab, yakan yi wa yayarsa sitikar zoɓo ko kunun aya kafin la'asar.

Abu guda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mai zayyana daga ƙasarsa yake samo kayan aikinsa, yaran yanzu kuwa daga intanet suke kwaso hoto. Shi ya sa za ka ga tuffa da inabi a kan robar zoɓon da ba ɗigonsu a ciki. Ga kanya, ga magarya, ga goruba, ga tsamiya a gonakinmu daga nan har Kusada, kyamara kuma na aljihun kowa. Duk wanda ya fara cika harafi da furen zoɓo na gaskiya, sitikarsa za ta fita daban a kasuwa.